Kafin Mu Karya Sim Ko Mu Sauke Dish

 Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu, mu 'yan yankin Batsari da Safana. Mun san wasu za su ga kan maganar su ce me ya haɗa adabi da dikoda da layin waya. Ku yi mana haƙuri ku bi mu a sannu, don abin da ya sa muka ɗauko zancen ya faru ne da ɗaya daga cikinmu, kuma littafi guda ya kusa salwanta a dalilinsa.

Wata 'yar uwa ce a ƙungiyarmu ta marubuta, tana sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp kamar yadda da yawanmu ke yi. Shafukan farko kyauta, daga nan mai son ci gaba ya biya ya turo shaidar biya ta lambar da ke ƙasan kowane shafi. Kamfanin layinta ya ishe ta. Ta sayi datar wata ta ƙare a kwana goma sha biyu, ta kira masu kula da abokan hulɗa aka bar ta da kiɗa a kunne. Ran nan cikin fushi ta zare sim ɗin ta karya shi, ta aiki ƙanenta ya sayo mata na wani kamfani. Ta zo taro tana ba mu labari tana dariya, mu ma muka taya ta, har wani ya ce maganinsu ke nan.

Dariyar ba ta yi sati biyu ba. Wayarta ta samu matsala, mai gyara ya wanke ta, da ta zo maido da WhatsApp aka ce an tura lambobin tabbatarwa zuwa layin da ta karya. Bankinta ma can yake tura saƙo. Shafuka sama da talatin da suka riga suka bazu a wayoyin mutane duk tsohuwar lambar ce a ƙasansu, masu karatu na turo saƙo babu mai amsawa, har aka fara cewa ta ci kuɗin mutane ta gudu. Da ta tashi yin welkom-bak sai ga wata sabuwa: ashe tun asali da sunan yayanta aka yi rajistar layin, shi kuma yana Legas. Sai da ta shiga Katsina sau biyu, shi ma ya je ofis a can, kafin lambar ta dawo. Shafuka huɗu da ta rubuta a cikin manhajar, waɗanda ba ta ajiye a ko'ina ba, sun tafi har abada.

To ra'ayinmu ke nan tun daga farko, don kada mu yi ta kewaye-kewaye. Mutane suna haɗa sauya kamfanin talabijin da sauya layin waya a kwando ɗaya, su ce duk canjin kamfani ne. A wurin marubuci ba ɗaya ba ne. Na talabijin a sauya shi ba tare da tausayi ba, duk ranar da lissafi ya nuna. Lambar waya kuwa ba a wasa da ita, ko da kamfanin ya kai mu bango.

Bari mu fara da mai sauƙin.

Duk wanda ke biyan kuɗin kallo ya san yadda shekarun nan suka kasance. Kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv ya ƙara kuɗi sau biyu a 2023, ya ƙara a watan Mayu na 2024, ya sake ƙarawa a watan Maris na 2025, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta shiga maganar aka kai ga kotu. Kamfanin ya ce faɗuwar naira da tsadar aiki ne suka tilasta masa, kuma ba ƙarya ba ne cewa da dala yake sayen haƙƙin nuna ƙwallo. Amma shi ma mai biyan ai da nairar da ta faɗi ake biyansa. Alƙaluman da kamfanin ya fitar da kansa sun nuna ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025. Wato ba mu kaɗai ba ne muka duba aljihu muka ce a dakata.

A gidanmu abin da muka yi shi ne muka zauna muka tambayi kowa me yake kallo a zahiri. Amsar ta ba mu kunya. Inna tana kallon tashar wa'azi da safe, da dare kuma Arewa24. Matan gida Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. Yara zane-zane. Baba ba ruwansa da akwatin, rediyonsa na rataye a wuya, BBC da DW da Muryar Amurka da RFI ya san lokacin kowace. Da muka lissafa, kusan duk abin da ake kallo yana cikin tashoshin da ake kamawa kyauta da risiba. Arewa24 tun da ta fara a 2014 kyauta take a tauraron ɗan'adam, haka Sunnah TV da Manara da makamantansu. Abu ɗaya tak ya riƙe mu a biyan wata, shi ne ƙwallon Ingila, wadda SuperSport ke da haƙƙin nunawa, kuma mu samarin gidan ne kaɗai ke kallonta. Ashe shekara da shekaru muna sa gida gaba ɗaya ya biya kuɗin sha'awar mutum uku, muna kiran abin "kuɗin kallon gida".

Da muka gaya wa Inna za a canza, abin da ta ce kawai shi ne: "Ku dai ku bar mani malamaina, sauran ku kuka sani." Aka kira mai saiti ya juya kwandon da muke da shi, aka sayi risiba, magana ta ƙare. Wannan ma wani abu ne da mutane ba su cika sani ba. Dikodar wani kamfani ba ta aiki da katin wani, wannan gaskiya ne, amma shi kwandon da wayarsa galibi ba sai an sayi sabo ba, juya shi ake yi ya fuskanci wani tauraron. Ƙwallo kuma muka koma gidan kallo, inda dama can ta fi daɗi, don babu wanda ke jin daɗin cin Arsenal ko faɗuwarta shi kaɗai a ɗaki.

Ba muna cewa kowa ya bi sawunmu ba ne. Akwai gidan da Africa Magic Hausa ce abin kallonsu, akwai mai son tashoshin StarTimes saboda finafinan Indiya da aka fassara, kuma StarTimes ɗin, wanda ya shigo ƙasar nan a 2010 da haɗin gwiwar NTA, yana da tsarin biyan kwana ɗaya ko sati ɗaya. Wannan tsarin ya fi dacewa da garin da wuta ke iya ɗaukewa kwana da kwanaki. Ku tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan wutar da ke shigowa Arewa suka lalace, jihohinmu suka shafe fiye da mako guda a duhu. Wanda ya biya wata guda a farkon wannan duhun, kwanakinsa sun ci gaba da ƙirguwa, akwatin kuma yana rufe da ƙyalle. Abin lura na biyu, tsarin da ke aiki da eriya an yi shi ne don birane da kewayensu. Kafin mutumin Runka ko Wagini ko Ruma ya ba da kuɗinsa don ya ga tallar araha, ya fara zagayawa ya ga ko akwai maƙwabcin da ke kamawa da eriya a garin. In babu, kwando ne mafita.

Iyakar abin da ake asara a sauya talabijin shi ne kuɗin akwati da na mai saiti. Ba wanda ya san ka da lambar dikodarka. Ba mai karatun da zai neme ka ta can.

Yanzu ga mai wuyar.

Idan marubucin Kano ko Kaduna ya ce "netwok ɗin nan ya dame ni, zan canza", yana magana ne a matsayin mai zaɓi. MTN na nan, Airtel na nan, Glo na nan, ga 9mobile da ta koma T2 a 2025, wasu unguwannin har da masu ja wa mutum waya zuwa cikin gida. Mu a nan ba haka abin yake ba. Akwai garin da kamfani ɗaya ne ke da sabis mai ɗaukar intanet, sauran sai dai kira, shi ma sai an fita bayan gari ko an hau tudu. Kowane ƙauye yana da wurin da aka sani, gindin wata bishiya ko bakin makaranta, inda za ka tarar da mutane tsaye kowa ya ɗaga waya sama. Shawarar "ka canza layi" da ake ba mu a ƙarƙashin duk wani ƙorafi da muka rubuta, shawarar mutumin birni ce.

Sannan akwai abin da sai da muka shiga makarantar kimiyya da fasaha muka gane shi. Yawancin dogayen ƙarafunan sabis da muke gani ba na kamfanonin layin ba ne su kansu. Kamfanoni irin su IHS da American Tower ne ke da da yawa daga cikinsu, su kuma masu layi suna haya, sau da yawa kamfani biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya. Ƙarfen nan da janareto da batura yake aiki. Idan motar da ke kawo man dizal ba ta iya shigowa saboda hanya ba lafiya, ko aka sace batura, duk wanda ke kan ƙarfen zai ɗauke tare. Ka karya sim ɗin wannan ka sayi na wancan, ashe duk a bishiya ɗaya suke rataye. An gudu ba a tsira ba.

Wanda ya zauna a yankin nan a 2021 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A farkon watan Satumba na shekarar aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, bayan 'yan kwanaki aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Dutsin-ma, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Dalilin da aka bayar shi ne a katse hulɗar 'yan bindigar dajin Rugu da masu kai musu rahoto. Har yau mutanenmu ba su daina gardama a kan ko matakin ya yi amfani ba. Wasu na cewa an samu sauƙi na ɗan lokaci, wasu na cewa sai ma ya zama an shigo gari babu halin kiran ɗauki. Ba wannan muka zo warwarewa ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, a watannin nan sama da uku babu kamfanin da ya fi wani. Mai sim huɗu da mai sim ɗaya duk ɗaya suke. Aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi. Mai son yin waya ko tura kuɗi ya hau mota zuwa Katsina. Mutanen bakin iyaka wasu suka koma layukan Nijar.

Mu da muke rubutu mun ga wani abu a lokacin da ba za mu manta ba. Waɗanda ke rubutu kai-tsaye a Facebook ko a cikin WhatsApp, su rubuta su saki nan take, alƙalaminsu ya tsaya cak, wasu ba su sake komawa kan labaran da suka fara ba har yau. Waɗanda suka saba da littafin rubutu mai layi da biro, ko suke rubutawa a manhajar da ba ta buƙatar data, su suka fito daga watannin nan da kammalallen aiki. Mun san wanda ya tara babi goma sha ɗaya a littafin makaranta, ya shiga Katsina ya kwana biyu wurin ɗan uwansa ya buga su ya tura. Kuma talabijin ɗin kwando, da yake daga sama yake karɓa, bai ɗauke ba. Shi da rediyo su suka riƙe mu da labarin duniya. Wannan ma dalili ne da ya sa ba mu goyon bayan masu cewa a sayar da kwando gaba ɗaya a koma kallon komai a waya.

Za a ce mana, to shi ke nan sai mu zauna kamfani ya yi ta cin kuɗinmu? Ai guduwar abokin ciniki ita ce kawai bulalar da talaka ke da ita. Wannan magana ce mai ƙarfi kuma mun yarda da ita. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, bisa alƙawarin za a ga gyara a aiki. Kowa ya duba wayarsa ya faɗi ko ya ga gyaran a garinsu. Wanda bai gani ba yana da haƙƙin ya tafi. Abin da muke cewa shi ne akwai bambanci tsakanin barin kamfani da barin lamba, kuma doka ta raba su tun tuni.

Tun watan Afrilu na 2013 aka fara tsarin da ke ba mutum damar ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani da ita, ba tare da ko ɗigo ya canza a cikinta ba. Kana zuwa ofishin kamfanin da kake son komawa da shaidarka, ka cike takarda, ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarka. Ba a biyan kuɗin ƙaurar. Abin da za ka rasa shi ne ragowar kati da data da ke kan tsohon layin, don haka a cinye su kafin a tafi, kuma in ka koma sai ka yi wasu makonni kafin a bar ka ka sake ƙaura. Shekaru da dama ke nan da wannan tsari, amma a taronmu na ƙarshe da muka tambaya, mutum biyu ne kacal suka taɓa jin labarinsa. Matsalarsa a wurinmu ita ce tafiyar, don ofisoshin da ke yin wannan aiki galibi sai an shiga birni, kuma dole sunan da ke kan layin ya dace da na NIN ɗinka. Nan ne 'yan uwa mata suka fi shan wahala, saboda da yawansu layin da suke kasuwancin littafi da shi da sunan miji ko wa ko uba aka yi shi. Duk wadda ta san haka layinta yake, ta gyara tun ana zaman lafiya, kada ta jira ranar da waya za ta faɗa rijiya.

In kuma tafiyar ba za ta yiwu ba, ai kusan duk wayoyinmu masu sim biyu ne. A bar tsohuwar lamba a matsayin adireshi, ita ce ta banki, ita ce ta WhatsApp, ita ce a ƙasan shafi. Ɗaya ramin kuma a mayar da shi na haya: duk kamfanin da datarsa ta fi ja a unguwarku a wannan watan, shi za a saka, ranar da ya lalace a cire shi ba sallama. WhatsApp bai damu da wane layi ke ba shi data ba. Sai dai a riƙa ɗan motsa tsohuwar lambar, a saka mata kati ko na ɗari ne a yi kira, domin layin da aka bari watanni ba a amfani da shi kamfani na da damar janye shi ya sayar wa wani. Ku yi tunanin baƙon da ba ku sani ba ya wayi gari da lambar da ke ƙasan littafinku, masu karatu suna turo masa shaidar biya. Wanda kuma dole ta sa sai ya bar lambar, akwai wurin canza lamba a cikin saitin WhatsApp da ke ƙaura da mutum da zaurukansa ya kuma sanar da mutanensa, amma sai an yi shi tun WhatsApp ɗin tsohuwar lambar yana aiki a wayar. Kafin duk wannan, wanda aka ci wa data ba bisa ƙa'ida ba ya kai ƙara ga kamfanin ya karɓi lambar ƙorafi, in ba su yi komai ba ya kira 622, layin NCC ne na kyauta. Ba mu ce kullum ana dacewa ba, amma ƙorafin da aka rubuta a wurin hukuma ya fi zagin da muke yi a Facebook nauyi.

Gwajin ma akwai yadda ake yinsa. Kada ka sayi layi don abokinka na Dutsin-ma ya ce yana gudu. Ari sim ɗin maƙwabci ka saka a wayarka, a cikin ɗakin da kake rubutu, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Sabis na iya cika a ƙofar gida ya ɓace a ƙuryar ɗaki, musamman gidan da ke da rufin kwano da katanga mai kauri.

Wasu a zauren nan sun sha kawo maganar Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, ƙasa ta farko a Afirka. A takarda kamar don mu aka yi shi, tunda ba ya buƙatar ƙarfen sabis. Amma kayansa ɗaruruwan dubban naira ne, kuɗin wata dubbai masu yawa, ga shi yana son wutar da ba ta yankewa, wato sai an haɗa da sola da batir. Sai kuma abin da ɗan birni ba zai kawo a lissafi ba: a yankin da ake tsoron masu kai rahoto, duk wani sabon abu mai ƙyalli a kan rufin gida sanarwa ce cewa akwai kuɗi a ciki. Mun san gidajen da suke da halin saka sola babba suka ƙi, saboda wannan kawai. Idan zai yi amfani a wurinmu, to sai dai a matsayin na taro, a makaranta ko shagon kwamfuta ko wata cibiya da mutane da yawa za su haɗa kuɗi. Ƙungiyoyin marubuta ma za su iya tunani a kai, maimakon duk kuɗin da aka tara ya tafi a kan bugun kalanda da shayin taro.

Yanzu bari mu juyo kan kanmu, don ba duka laifin ne na kamfani ba. Littafi mai kalma dubu hamsin, in rubutu ne zalla, bai kai megabait ɗaya ba. Ka iya tura shi ga mai tace rubutu, ka tura wa gasa, ka ajiye kwafi a imel, duk da datar da ba ta kai ta kallon minti biyar na bidiyo ba. Awa ɗaya ta fim a YouTube kuwa ɗaruruwan megabait take ci. Tun da finafinai masu dogon zango suka koma can, irin su Izzar So da ya fara a 2020, da yawanmu mun sauke kuɗin kallo daga kan talabijin mun ɗora shi a kan data ba mu sani ba. Sai mu ce mun daina biyan wata mun huta, alhali abin da muke kashewa a data ya ninka. Mu ma da muke wannan rubutu mun duba wurin da waya ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, muka tarar TikTok da YouTube sun kwashe fiye da rabi, manhajar da muke rubutu da ita kuwa ko a jerin ba ta fito ba. Ranar ba mu zagi kamfani ba. Masu shagon tura finafinai a memori har yanzu suna nan a kowace kasuwa, amma a nan ma sai mu yi hattara, domin mu da muke kuka idan aka kwafi littafinmu aka raba kyauta bai kamata mu zama masu cin gumin 'yan fim ba. Kallonsu a tashar da ta saya ta nuna kyauta ya fi mana tsafta.

Akwai kuma nau'in kamfani na uku da ba mu cika lissafawa ba, wato dandalin da muke ajiye rubutun. A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 OkadaBooks ta rufe, bayan shekara goma tana sayar da littattafan 'yan Najeriya, ciki har da na marubutan Hausa da dama. Wanda yake da kwafin aikinsa ya kwashe ya koma wani wuri. Wanda ya ɗauka dandalin ne ma'ajiyarsa ya sha zirga-zirga. Wattpad da ArewaBooks da Facebook duk haya muke a cikinsu, kamar yadda muke haya a layin data. A yi amfani da su, a ci moriyarsu, amma kowane babi ya kasance yana wuri uku: a wayar, a imel ɗin da ka riƙe kalmar sirrinsa da ka, da kuma memori ko takarda da ke cikin akwati. Imel ɗin ma a duba wace lamba aka ɗaura masa, don nan ne wata ƙofar da karya sim ke rufewa. 'Yan uwa mata masu shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016, su fi kowa kula da wannan, domin lamba da imel ɗin da kika bayar su ne hanyar da za a neme ki in labarinki ya tsallake. Kuma kada a jira daren rufe gasa kafin a tura, mu da muka san halin sabis ɗinmu.

Ita 'yar uwar tamu ta dawo da lambarta, kuma a wannan karon da sunanta. Ta bar ta a kan tsohon kamfanin da ta yi fushi da shi, tana saka masa katin ɗari biyu a wata, datarta kuma tana saye a wurin na biyun. Shafuka huɗun da suka ɓata ta sake rubuta su, ta ce biyu sun fi na farko kyau, biyu kuma har yanzu tana jin ba su kai ba. Wasu daga cikin masu karatun da suka ce ta gudu da kuɗinsu sun dawo sun ba ta haƙuri, wasu ba su dawo ba.

Muna so mu ji daga 'yan Jibiya da Ɗanmusa da Faskari, da 'yan uwanmu na Zurmi da Shinkafi a Zamfara, da na Maraɗi da ke cikin zauren nan: wane layi ke ɗaukar data a garinku yanzu, a wace unguwa, kuma da wane lokaci? Ku rubuta sunan garin da watan da kuka gwada, mu kuma za mu tattara mu miƙa wa shugabannin zaure su liƙa a sama, don wanda zai yi tafiya ko zai koma gida hutu ya san sim ɗin da zai riƙe.